A Ɗauki Waƙoƙin Tsofaffinmu Tun Suna da Rai, Kuma a Faɗi Sunan Masu Su

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wani kundin waƙoƙi da aka fitar a ƙasar Kanada, wanda mai karatu zai iya ɗauka babu abin da ya haɗa shi da mu, alhali kuwa labarinsa ya shafi mutanen jihohin Gombe da Bauchi ta fuskar da ya kamata mu tsaya mu duba. Ni malamin makaranta ne, ba mawaƙi ba ne ni kuma ba makaɗi ba, amma na daɗe ina damuwa da yadda waƙoƙin gargajiyar wannan yanki suke salwanta ba tare da an ji ko motsinsu ba.

Kundin da nake magana a kai sunansa Power in the Blood, na mawaƙiya Buffy Sainte-Marie, wanda ya fito a shekarar 2015 lokacin tana da shekara 74 a duniya, kuma a wannan shekarar ya ci kyautar Polaris, wadda ake bai wa kundin da alƙalai suka ga ya fi kowane inganci a Kanada, tare da dala dubu 50 ta ƙasar a wancan lokacin. Abin da ya sa ya fita daban shi ne yadda aka haɗa abubuwan da ba a saba jin su wuri guda ba. Akwai jita irin ta mawaƙan gargajiyar Turawa, akwai salon kantiri wanda iyayenmu da yawa suka sani ta hanyar rediyo a zamanin Jim Reeves da Don Williams, akwai bugun na'ura irin na gidajen rawa, sannan ga amon babbar gangar taron 'yan asalin ƙasar da ake kira powwow, tare da muryoyi masu tashi sama irin na mawaƙan wannan taro. Batutuwan waƙoƙin kuwa su ne ƙasa da masu ita, da yaƙi da waɗanda ke cin ribarsa, da kamfanonin da ke haƙe arzikin ƙasa su bar mutane da ɓarna, da mutuncin al'ummar da aka daɗe ana dannewa. Ba a nan ta fara wannan haɗi ba, domin tun a 1969 ta yi amfani da na'urar sarrafa sauti a wani kundi nata, a lokacin da yawancin mawaƙa ba su ma taɓa ganin irin wannan na'ura ba.

Ba za a fahimci nauyin wannan amon ganga ba sai an san abin da ya faru da masu ita. Daga 1885 har zuwa 1951, dokar Kanada ta haramta wasu manyan bukukuwan 'yan asalin ƙasar, har an ɗaure mutane saboda sun halarta, an kuma ƙwace kayan bikin an kai gidajen tarihi. Kimanin yara dubu 150 aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana da gwamnati da coci-coci suke gudanarwa, inda ake dukan yaro idan ya yi magana da harshen uwarsa, kuma sai a shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe daga cikinsu. Hukumar gaskiya da sasantawa da ta binciki lamarin ta fitar da rahotonta a 2015, wato shekarar da wannan kundi ya fito, ta kuma bayyana abin da aka yi a matsayin yunƙurin kashe al'adar jama'a baki ɗaya. Saboda haka idan matashin ƙabilar Cree ko Ojibwe ya ji gangar kakanninsa tana tashi cikin sautin na'ura a tsakiyar birni, abin da yake ji shi ne cewa wadda aka so a binne tana nan da ranta.

Wasu ma sun bi wannan hanya. Wata ƙungiyar matasa a birnin Ottawa, wadda aka fara sani da A Tribe Called Red kafin ta sauya suna zuwa The Halluci Nation a 2021, ta yi fice wajen ɗora waƙoƙin powwow a kan kiɗan kwamfuta. Tanya Tagaq, 'yar ƙabilar Inuit, ta ci wannan kyauta ta Polaris a 2014 da salon waƙar maƙogwaro na matan ƙabilarta. Amma wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai shi ne Jeremy Dutcher, ɗan ƙabilar Wolastoqiyik ta lardin New Brunswick, wadda masu jin harshenta sosai suka rage 'yan kaɗan, yawancinsu tsofaffi. Wata dattijuwa mai suna Maggie Paul ce ta ce masa idan yana son waƙoƙin mutanensa na dauri, to ya tafi gidan tarihin ƙasar. Ya je ya tarar da muryoyin da wani mai bincike, William Mechling, ya ɗauka tsakanin 1907 da 1914 a kan faifan kaki irin na farkon zamani, suna ajiye fiye da shekara ɗari, alhali jikokin masu muryoyin ba su ma san da su ba. Ya zauna ya saurara, ya rubuta su ɗaya bayan ɗaya, ya rera su da muryarsa tare da fiyano da na'ura, kuma bai cire muryoyin tsofaffin ba, ya bar su a ciki da ƙarar tsohon faifan, ta yadda mai sauraro zai ji mamaci ya ɗauko baiti jikansa ya amsa. Kundin ya ci Polaris a 2018. Da Mechling bai ɗauki waɗannan muryoyi ba, da duk hazaƙar wannan matashi babu abin da za ta kama.

Ya Edita, a nan ne maganar ta iso gida. Jihar Bauchi da jihar Gombe, wadda aka cire daga cikinta a 1996, suna cikin wuraren da suka fi yawan harsuna a Nijeriya. A Gombe muna da Tangale da Waja da Tera da Tula da Dadiya da Cham da Bolanci da Fulatanci da sauransu, a Bauchi kuma akwai Sayanci da Jaranci da Geranci da Warjanci da Zulanci da wasu masu yawa waɗanda ko sunansu ɗan birni bai taɓa ji ba. Masana harshe sun rubuta cewa harshen Ajawa na ƙasar Bauchi ya mutu tsakanin 1920 da 1940, haka Kubi da Gamo-Ningi sun bi bayansa, kuma harshen Bure na yankin Kirfi yana bakin kushewa. Masu waɗannan harsuna ba su ƙare ba, jikokinsu suna nan cikinmu, Hausa suka koma yi. Wannan magana ce mai nauyi a bakin Bahaushe, amma gaskiya ce: a wannan yanki harshenmu ne yake haɗiye ƙananan harsuna. Ba mu yi da bulala ko da makarantar kwana kamar yadda aka yi a Kanada ba, kasuwa ce da auratayya da rediyo da zaman birni suka yi aikin, sai dai sakamakon ga tsohuwar da jikokinta ba sa jin abin da take rerawa duk ɗaya ne. Ina ganin wannan ya ɗora mana wani hakki da ba za mu iya turawa ga Turawa ko ga gwamnati ba.

Su kansu waƙoƙin Hausa ba su tsira ba, musamman waƙoƙin aiki, domin waƙar aiki tana mutuwa ne ranar da aikin ya mutu. Duk wanda ya girma a gidan yawa ya san lugude: mata uku a turmi ɗaya, taɓarya tana sauka bayan taɓarya ba tare da sun haɗu ba, ɗaya ta cilla tata sama ta tafa hannu ta cafe, ta kuma buga gefen turmin don ta canza amo, mai bayarwa tana jefa habaici ga kishiya ko uwar miji, sauran suna amsawa suna dariya. Wannan kiɗa ne cikakke, mai tsari da lissafi, ba tare da ganga ko ɗaya ba. Da injin niƙa ya shigo unguwa, waƙar niƙa a kan dutse ta tafi. Da siminti ya shigo, waƙar daɓe ta tafi. Da maganin feshi da tarakta da ƙwadago suka maye gurbin gayya, gangar noma ta yi shiru a garuruwa da dama. Babu mai hankalin da zai ce a mayar da mata kan dutsen niƙa domin a ji waƙa, sauƙin da aka samu alheri ne. Abin da nake cewa shi ne waɗanda suka san waɗannan waƙoƙi suna nan da rai a Kumo da Dukku da Billiri da Dass da Ningi, yawancinsu sun haura shekara saba'in, kuma kowace jana'iza tana tafiya da wani abu da ba a rubuta ba, ba a kuma ɗauka ba.

A gefe guda kuma ga matasanmu a situdiyo. Na sha shiga irin waɗannan ɗakuna a cikin garin Gombe: shago ɗaya an raba shi biyu da katako, an manna soso a bango, yaro yana zaune gaban kwamfuta da fiyano, janareto yana ƙara a waje. Mawaƙi zai rera masa karin da baki, shi kuma ya lalubo shi da yatsa, ya zaɓi ganga daga cikin waɗanda aka ajiye a na'urar, ya gyara muryar har ta yi santsi, kafin la'asar waƙa ta fita, washegari tana hannun masu tura waƙoƙi a waya a bakin kasuwa. Waɗannan yara suna da kunne, suna da basira, kuma sun koyi sana'ar da babu makarantar da ta koya musu. Ban zarge su da komai ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne gangar da ke cikin wannan na'ura an ɗauko amonta ne daga Indiya ko Amurka ko Legas, alhali tafiyar awa guda daga inda suke zaune akwai kalangu da kotso da shantu da kiɗan ƙwarya da sarewar Fulani makiyaya da kiɗe-kiɗen Tangale da Waja, waɗanda babu wanda ya kawo musu su. Shi ya sa waƙoƙin nanaye da yawa suke kama da juna, har mutum ya kasa bambance ta Gombe da ta Kano.

Na san akwai dattawan da za su ce na'ura ita ce ta kashe kiɗan gargajiya, don haka haɗa su cin amana ne. Ina girmama wannan ra'ayi, amma tarihi bai goyi bayansa ba. A Jamhuriyar Nijar, Mamman Sani ya ɗauki waƙoƙin gargajiyar ƙasarsa ya kaɗa su da ogan na lantarki tun 1978, kuma da aka sake fitar da wannan aiki a 2013 mutanen ƙasashe da dama suka san shi. Mdou Moctar, Buzun da yanzu yake zagaya duniya da jitarsa, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, da salon gyaran murya irin na situdiyon Hausa. Shi kansa kiɗan kantiri, kayan kiɗansa da ake kira banjo asalinsa daga Afirka ta Yamma ne, bayi ne suka ƙera shi a can bisa tsarin kayan tsirkiya irin namu, dangin gurmi da molo. Kiɗa bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Haka kuma na san akwai malamai da iyaye da ke ƙyamar wasu waƙoƙin dauri saboda alaƙarsu da bori ko tsafi ko batsa, kuma ba ina kira a farfaɗo da waɗannan a wuraren biki ba ne. Waƙar reno da waƙar daka da waƙar noma da kirarin mafarauta da waƙoƙin da ke ɗauke da tarihin ƙaura da yaƙi da yunwa, waɗannan babu mai jayayya a kan amfaninsu, kuma su kaɗai sun isa aikin shekaru.

Haɗarin gaske yana wani wuri dabam, wato a ɗauki waƙar mutane ba da saninsu ba, ko a yi magana da sunansu ba da yawunsu ba. A farkon shekarun 1990 wata ƙungiyar kiɗan na'ura ta Jamus mai suna Enigma ta sa muryar wasu tsofaffi biyu, mata da miji, Difang da Igay Duana, 'yan ƙabilar Amis ta Taiwan, a cikin wata waƙa da ta karaɗe duniya, har aka yi tallar wasannin Olamfik na Atlanta na 1996 da ita, su kuwa masu muryar suna ƙauyensu ba su san abin da ake ciki ba. Sai da suka kai ƙara kafin aka yi sulhu a wajen kotu a 1999, aka amince a riƙa ambaton sunansu.

Ita ma mai kundin da na fara da shi ba ta tsira daga irin wannan tambaya ba, kuma rashin adalci ne in yabi aikinta in ɓoye wannan. A watan Oktoba na 2023 gidan talabijin na CBC na Kanada ya fitar da wani bincike da ya nuna takardar haihuwarta, wadda ta ce an haife ta a 1941 a garin Stoneham na jihar Massachusetts ta Amurka, ga iyaye Turawa, saɓanin abin da aka daɗe ana faɗa cewa an haife ta a yankin Piapot na ƙabilar Cree a lardin Saskatchewan. Ita ta ce ba ta san takamaiman inda aka haife ta ba, kuma iyalin Piapot, waɗanda suka karɓe ta a matsayin 'ya bisa al'adarsu bayan ta girma, sun tsaya mata. Duk da haka, a farkon 2025 aka janye lambar girmamawar ƙasa da aka ba ta, aka kuma karɓe kyautar Polaris da kyaututtukan Juno, waɗanda ake bai wa mawaƙan Kanada, bisa dalilin cewa ba 'yar ƙasar Kanada ba ce. 'Yan asalin ƙasar sun rabu biyu a kan lamarin, wasu suna tuna shekaru sittin da ta yi tana kare hakkinsu, wasu kuma suna cewa ta zauna a kujerar da ta kamata a ce 'ya'yansu ne suka zauna. A ganina kundin bai daina zama aiki mai kyau ba, amma raunin da wannan ya yi wa mutanen da suka ɗauke ta madubi babba ne, kuma da tun farko an faɗi magana yadda take, cewa ga asalinta ga kuma waɗanda suka riƙe ta, da babu abin da zai rage mata.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Idan gobe matashin Bahaushe ya ɗauki karin waƙar matan Tera ko ta Sayawa ya ɗora a kan fiyano ta karɓu, wajibi ne ya faɗi daga wane gari ta fito, wace tsohuwa ce ta rera masa, ya nemi izininta da na mutanenta tun kafin ya fitar, kuma idan kuɗi ya shigo a kai mata rabonta. Idan suka ce wannan waƙa ba ta fita waje ba ce, ta makoki ce ko ta wani sirri nasu, to ya bar ta. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba da kariya ga waƙoƙi da kiɗe-kiɗen gargajiya idan za a yi kasuwanci da su, amma mun san doka ba ta isa kowane shago, tarbiyya ce za ta yi wannan aiki. A yanki irin namu, inda ƙaramin saɓani tsakanin ƙabilu kan zama babba, mawaƙin da ya ambaci sunan masu waƙa yana gina zumunci, wanda ya ɓoye kuwa yana ƙara wa mutane jin cewa an cinye musu harshe an kuma dawo ana cinye musu waƙa. Mafi kyau ma shi ne 'ya'yan waɗannan ƙabilu su riƙe ragamar aikin da kansu, su rera da harsunansu, mu kuma mu saurara mu saya.

Yau muna jin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos da Barmani Choge, saboda an ɗauki muryoyinsu, kuma gidan rediyon Kaduna da aka kafa a 1962 ya taka rawa babba a wannan. Ƙananan harsuna da waƙoƙin matan cikin gida ba su samu wannan gata yadda ya kamata ba. Abin farin ciki shi ne aikin da a da sai Bature ya zo da akwatin na'ura, yau wayar da ke aljihun ɗalibi za ta iya yin sa. Ina kira ga sassan nazarin harsuna da tarihi na Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere da Jami'ar Sa'adu Zungur da kwalejojin ilimi na Azare da Billiri da Gombe, da su sa ɗalibai su koma garuruwansu a lokacin hutu su ɗauko waƙoƙi a matsayin aikin da za a ba su maki a kai. Kowace waƙa a rubuta sunan mai rerawa da garinsa da harshen da lokacin da ake yin ta da ma'anarta, da kuma ko ya yarda a watsa ta, sannan a ajiye kwafi a jami'a, a bar wani kwafin a hannun iyalin. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarun 2022 zuwa 2032 domin harsunan 'yan asalin ƙasa, saboda haka jami'ar da ta tsara irin wannan aiki tana da hujjar neman tallafi.

Gidajen rediyon jihohin biyu kuma ina roƙonsu su duba tsofaffin kaset da faifan da ke ɗakunan ajiyarsu, su mayar da su cikin kwamfuta tun zafi da ƙura ba su gama da su ba, su kuma buɗe ƙofa ga matasan situdiyo bisa sharaɗin ambaton asali. Iyayenmu sarakuna, Mai Martaba Sarkin Gombe da Mai Martaba Sarkin Bauchi da Mai Tangale da Mai Kaltungo da sauran masu riƙe da sarautun gargajiya, Allah ya ja zamaninsu, su ne suka san makaɗan fada da tsofaffin kowace gunduma, kuma kalma ɗaya daga bakinsu za ta sa a buɗe wa ɗalibi ƙofar da ba za a buɗe wa baƙo ba.

Daga gare ka kuma, ya Edita, ina roƙon wannan jarida ta ware ɗan fili ko sau ɗaya a wata, inda za a buga waƙar gargajiya guda daga Gombe ko Bauchi cikin harshenta na asali, tare da fassarar Hausa da sunan wanda ya rera ta da garinsu, idan ya amince. Ni da ɗalibaina a shirye muke mu fara aiko da abin da muka samu.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani malamin sakandare,
Tudun Wada, Gombe.